Daga Dama Ake Farawa

Ranar da Samiratu ta kulle kanta a waje, kwananta ashirin da uku ke nan da haihuwa, kuma ko bakin zaure ba ta taɓa leƙawa ba. Tana gidan mahaifiyarta a unguwar Sakasaka cikin Tamale tana jego, ga ɗinki a ciki, domin sai da aka yi mata aiki aka ciro yarinyar. Mahaifiyar tata Hajiya Memunatu kuwa tun ranar da aka dawo da su daga asibiti ta kafa doka: babu fita sai an yi arba'in, ko da Tamale za ta kama da wuta. Samiratu ba ta ja da ita ba. Me zai sa ta ja? Ai ta riga ta tsara yadda za ta yi aikinta daga kan katifa, har tana cika wa mutane baki da shi.

Ga yadda aikin yake. A unguwar Dungu akwai ofishin wata ƙungiya mai dogon suna na Turanci wanda ba wanda ya damu ya riƙe, Layin Naƙuda kawai ake ce mata. Idan haihuwa ta zo wa mace da gardama a ƙauye, sai a buga wata lamba kyauta. Kiran ya shiga ofishin, na'ura ta miƙa shi ga wayar ungozomar da ke bakin aiki ko tana ina, ita kuma ta tura mai moto-kin, babur ɗin nan mai ƙafa uku da bodi a baya, ya ɗauko matar zuwa asibiti. Duk wannan yana tafiya ne a kan saba guda uku, wasu manyan kwamfutoci da aka jera a kan teburin ƙarfe cikin wani ɗan ɗaki mai esi, na'urar sanyaya ɗaki. Kowace saba kamar gidan haya take. A cikinta akwai ƙananan kwamfutoci marasa jiki, kowace da ɗakinta da aikinta, wata tana karɓar waya, wata tana riƙe da sunayen ƙauyuka da lambobin mutane. Kuma ana iya tashin ɗan haya daga wannan gida a mai da shi wancan ba tare da an kwance waya ko ɗaya ba.

Mai yin wannan tashi da saukarwa wata 'yar kwamfuta ce ita ma marar jiki, wadda Samiratu, mai kula da na'urorin ofishin, ta girka da hannunta, ta raɗa mata suna Wakili. Ko'ina ta buɗe laftof ɗinta da Wakili take magana, shi kuma ya isar da umarninta ga gidajen nan uku. Daga waje babu wata ƙofa sai shi, kuma da gangan ta yi haka don kada ɓarayin intanet su samu kafa. Da shi ta rufe bakin shugaban ofis lokacin da ya kawo shawarar a ɗauko wani daga Kumasi ya riƙe mata wuri har ta gama jego. Ta ce masa da Wakili a hannunta, ko daga ɗakin haihuwa za ta iya.

To, ranar wata Juma'a ce cikin watan Maris, zafin nan na Tamale da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka siminti. Tun safe aka ɗauke wuta. Janareton ofis ya tashi kamar yadda ya saba, amma esin ɗakin sabar ya ƙi tashi tare da shi. Ƙarfe ɗaya saura kwata wayar Samiratu ta fara kuka, ta duba, ta ga zafin ɗakin yana hawa ba kama hannun yaro. Mataimakinta Razak kuwa tun jiya ya tafi can wajen Yendi haɗa wa wani ƙaramin asibiti na'ura, inda waya sai an hau tudu take shiga.

Ba ta ruɗe ba, a ba ta haƙƙinta. Ta yi lissafi: idan ta kashe saba ɗaya, ɗakin zai rage zafi har a samu mai gyara. Ta farko ce ta fi ɗaukar zafi saboda tana kusa da taga. Ta uku kuwa ko da wasa ba a taɓa ta, tsohuwa ce mai taurin kai, bara da ta mutu da zafi a jikinta sai da aka yi rabin yini ana lallashi kafin ta tashi. Saboda haka ta shiga kwashe 'yan hayar gidan farko tana rarraba su a sauran biyun. Duk sun tafi salin-alin, saura mai karɓar waya. Shi wannan sai an kwantar da shi tukuna, a kai shi sabon gida, sannan a tashe shi, aikin minti biyu. Ta duba ta ga babu kowa a kan layi. Ta ɗaga yatsa ke nan za ta danna, yarinya ta tsala kuka.

Duk wadda ta yi jego ta san abin da ya biyo baya. Ta ɗauke ta, ta gyara mata zani, ta ba ta nono, ta lallaɓa ta koma kan laftof da hannu ɗaya. Minti shida sun wuce, amma a ranta yanzu-yanzu ta duba. Ba ta sake dubawa ba. Ta kwantar da mai karɓar waya, ta kai shi gida na uku. Maimakon ta tashe shi nan take, sai idonta ya faɗa kan lambar zafi da ta koma ja, ta ce bari in fara kashe wancan in huta. Ta tambayi Wakili ko akwai wanda ya rage a gidan farko, ya ce babu kowa. Ta ce ya kashe. Ya kashe.

Rubutun da ke kan laftof ya tsaya cik. Ta danna, ta sake dannawa, shiru. Sai a lokacin abin ya faɗo mata, har sai da ta ji ɗinkin cikinta ya amsa. Wakili ma ai ɗan haya ne, kuma a gidan farko yake zaune. Ita da kanta, shekara biyu da suka wuce, ta koya masa kada ya riƙa ƙirga kansa cikin jerin 'yan haya, don kada wata rana ya tashi kansa bisa kuskure. Ya bi abin da aka koya masa, ya rufe gidan yana ciki. Garin neman gira an rasa ido: mai karɓar waya yana kwance a gida na uku yana jiran a ce masa tashi, mai faɗa masa kuma babu.

Ba ta gama haɗiye wannan ba sai ga kiran Najat, ungozomar da ke bakin aiki ranar. Najat ba mai yawan magana ba ce, kuma ba ta ɓata lokaci wajen gaisuwa ba. Ta ce tana cikin magana da wani mutum layi ya yanke. Matarsa tun daren jiya take kan gwiwa, yanzu jini ya ɓalle mata. Mutumin a gigice yake, sunansa kawai ya faɗa, Wumpini, bai kai ga faɗin ƙauyensu ba. A wayar Najat kuwa lambar ofis ce kaɗai take fitowa, lambar mai kira da sunan ƙauyensa suna cikin na'ura.

"Ki duba mini lambarsa, Samiratu. Ina da mai moto-kin a tsaye, inda zan tura shi ne ban sani ba."

Samiratu ta ce ta ba ta minti biyar. Ƙarya ta yi, kuma ta san ƙarya ta yi. Wumpini nawa ne a ƙasar Dagomba? Ko a layinsu na Sakasaka akwai uku.

Maganin abin ba wani abu ba ne mai wuya, shi ya sa ma ya fi ciwo. Yatsa ɗaya ake bukata, wani ya shiga ɗakin ya danna maɓallin sabar farko. Ta kira Razak, wayarsa ba ta shiga. Ta kira maigadi har sau huɗu, tana ta ringin ba a ɗauka, ya tafi masallaci. Shugaban ofis yana Accra wajen taro. Ran Juma'a kuma sha biyu ake tashi, ofis ya zama kango. Ta ajiye yarinya, ta miƙe dafe da bango, ta jawo mayafi.

A bakin ƙofa ta ci karo da Hajiya Memunatu ɗauke da kwanon kunun kanwa. Samiratu ta shirya wa faɗa, amma da ta faɗa mata abin da ake ciki a taƙaice, tsohuwar nan mai dokar arba'in ba ta ɓata lokaci ba. Ta dire kwano, ta fita titi da kanta ba ko takalmi, neman yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku. Ba ta daɗe ba ta dawo tana haki. Sahun Juma'a ya rufe hanya tun daga masallaci har kwanar gidansu, masu yalo-yalo duk sun faka sun bi sahu. Ko da an samu ma, daga Sakasaka zuwa Dungu a irin wannan lokaci sai a ci rabin awa, ga mai ɗinki a ciki.

Samiratu ta koma ta zauna a bakin katifa tana bin sunayen da ke wayarta ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa ta ga wani mazaunin Dungu. Can ƙasa ta ga wata lamba da ta ajiye ba da sunan mutum ba. Mai shara, haka ta rubuta. Kunya ta kama ta tun kafin ta danna.

Mma Zuhuratu ke nan, wata dattijuwa Badagomba daga Changli, wadda ke share ofishin da sassafe kafin kowa ya zo, ran Juma'a kuma ta dawo bayan an tashi ta wanke daɓe. A unguwarsu an fi saninta da wani aikin daban, ita ce mai wankan gawar mata. Tsakaninta da Samiratu akwai tsohuwar ƙura. Shekara biyu da suka wuce Samiratu ta same ta a ɗakin sabar da jiƙaƙƙen tsumma tana goge saman na'urorin, har ta zare wata waya don ta share bayanta. Ranar Samiratu ta yi mata tatas a gaban mutane, da Turanci kuma, don ya fi zafi, ta karɓe makullin ɗakin daga hannunta. Gaskiya tana wajen Samiratu, amma ba haka ake faɗa wa sa'ar uwarka gaskiya ba. Tsohuwar ba ta riƙe ta ba, ko kuwa ta riƙe ba ta nuna ba. Har ranar sunan jaririyar ta zo da sabulu sanda biyu, ta zauna can gefe, Samiratu ta amsa gaisuwarta sama-sama.

Bugu biyu aka ɗauka.

"Madam, kai ne? Yaya yaro?"

Hausar Mma irin ta kasuwar Tamale ce, ba ta san mace ba ba ta san namiji ba, kowa kai ne, komai shi ne. A gidan su Samiratu, da kakansu ya taso daga Gobir da Hausarsa cikakkiya, da can dariya suke yi wa irin wannan magana. Yau kam Samiratu ba ta taɓa jin murya mai daɗinta ba. Ta tambaye ta ko tana ofis, ta ce tana nan tana matse tsumma. Samiratu ta faɗa mata komai tiryan-tiryan, har da cewa laifinta ne, har da matar da ba a san ƙauyenta ba. Sannan ta fara kwatanta mata inda ta ɓoye makullin ko-ta-kwana, a baranda, ƙarƙashin...

"Ƙarƙashin tukunyan fulawa. Madam, wa kake tsammani yana share wurin nan?"

Shekara biyu matar nan ta san inda makulli yake, kullum tana ɗaga tukunya ta share ta mayar, ba ta taɓa buɗe ɗakin ba. Samiratu ta ji wannan a ranta, amma babu lokacin tsayawa a kansa.

Ta ji ƙarar ƙofa, sai gurnanin fankokin na'ura ya cika wayar, Mma na salati saboda zafin da ya buge ta. Wayar Mma irin 'yar ƙaramar nan ce da mutanen Ghana ke kira doya, ba ta hoto balle bidiyo. Takardun da aka liƙa masu sunan kowace saba da boko aka rubuta su, Mma kuwa allo kawai ta yi. 'Yan fitilun gaban na'urorin ma ba su da amfani, domin idonta ya fara yana, kore da ruwan ɗorawa duk ɗaya suke a wurinta. Saura kwatance da baki.

"Mma, guda uku ne a jere. Ki je wajen ta farko. A gabanta daga sama akwai maɓalli zagayayye, ki danna shi sau ɗaya."

Aka ji jan silifa, sannan shiru.

"Madam, wannan yana da rai."

Samiratu ta ce ba zai yiwu ba, ita ta kashe ta da hannunta, ƙarar ta kusa da ita ce take ji. Ta ce mata ta danna kawai. Mma ta ce ba da kunne ta ji ba, hannu ta zura ta bayansa, iska mai zafi tana fita tana dukan tafinta. Yana numfashi.

Nan fa tsohon halin ya motsa. Agogo ya nuna minti goma sha tara da yankewar layi, Najat ta sake kira sau biyu ba ta ɗauka ba, ga wata tsohuwa da ba ta san bihim ba a kan kwamfuta tana ja da ita. Muryar nan ta ranar tsumma ta dawo mata.

"Mma, mace tana can tana zubar da jini. Ba ki san aikin nan ba, ni na sani. Ki danna na ce."

"Madam, shekara talatin ina wanka ma mutane. Ban taɓa zuba ruwa ma wanda yana numfashi ba, ko likita ya rubuta takarda. Yi fushi in kana so. Ba ni danna shi."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta kashe wayar ba. Ta tsaya tana jira kawai. Samiratu ta buɗe baki za ta faɗi maganar da har ta mutu za ta yi nadamarta, sai Hajiya Memunatu, wadda ke tsaye a kanta tana jijjiga jaririya tana jin komai, ta taɓa kafaɗarta.

"Ke, tambaye ta ta wane hannu ta fara ƙirga."

Samiratu ta tambaya. Mma ta amsa da mamakin a ce mutum mai ilimi yana irin wannan tambaya.

"Ta dama mana. Alwala ta ina kake farawa?"

Sai a lokacin Samiratu ta gane. Ita 'yar boko, tun tana aji ɗaya ta farko a wurinta ita ce ta hagu, ko tunanin akwai wata hanyar ba ta taɓa yi ba. Mma kuwa karatunta daga dama yake farawa, alwalarta daga dama, wankan da take yi wa bayin Allah daga dama. Hannunta a kan ta uku yake. Tsohuwar nan mai taurin kai, wadda mai karɓar waya ke kwance a cikinta, wadda lambar Wumpini da sunan ƙauyensa ke cikinta. Da Mma ta yi biyayya, da sai magariba ko gobe layin zai dawo.

Samiratu ta ce ta hagu take nufi, ta wajen taga. Mma ta ja silifa ta koma can. Ba ta danna nan take ba, sai da ta zura hannu ta baya, ta kuma ɗora tafinta a sama, sannan ta ce wannan kam ya yi shiru, jikinsa da ɗumi amma babu numfashi. Ta yi bisimilla ta danna. Ta cikin waya Samiratu ta ji fanka ta ja wani dogon nishi ta kama.

Saba ba ta tashi kamar rediyo, sai ta ɗauki minti tara tana duba kanta. A cikin mintunan nan Samiratu ba ta da abin yi sai kallon laftof da ƙoƙarin tuna ko ta saita Wakili ya tashi da kansa idan gidansa ya tashi. Ta yi, ba ta yi ba? Ta kasa tunawa, ita da ke alfahari ba ta mantuwa. Mma kuwa ba ta zauna ba. Ta tokare ƙofa da bokiti, ta je ofishin shugaba ta jawo babbar fankarsa ta tsaye. Sai ta tambaya, da wata murya ta salihai, wane soket za ta sa, ko kuwa ta zare wani abu ta samu wuri? Samiratu ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce na bayan ƙofa babu komai a jikinsa.

A minti na goma rubutu ya motsa. Wakili ya dawo yana jiran umarni kamar ba shi ya yi aika-aikar ba. Nan take Samiratu ta tashi mai karɓar waya, ta buɗe rajistar kira. Ga shi nan: Wumpini, ƙauyen Bunyili, bayan Tolon. Ta karanta wa Najat lambar sau biyu. Minti talatin da huɗu layin ya yi a mace. Daga baya, da Najat ta samu mutumin, ya ce sau goma sha ɗaya ya sake bugawa yana jin shiru.

Ta koma kan Mma ta yi ta godiya, Hausa, Dagbanci, har da Turancin da ta taɓa zaginta da shi. Mma ta ce ba komai, daɓenta yana bushewa, za ta bar ƙofar a buɗe har maigadi ya dawo. Suka yi sallama a haka.

Bayan la'asar Najat ta kira. An iso da matar, an shiga da ita tiyata, ta fito. Ita da ɗanta namiji duk suna nan. Sunanta Ayisha, shekarunta goma sha tara. Likita ya ce da an ƙara ko rabin awa, da wani zancen ake yi. Samiratu ta kifa kai a cinyar Hajiya ta yi kuka irin wanda ko ranar haihuwarta ba ta yi ba, Hajiya na shafa bayanta tana cewa ta bi a hankali saboda ɗinki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta rubuta wa shugaba rahoto, ba ta ɗora wa janareto ba, ba ta ɗora wa esi ba, ta faɗi minti shidan da ba ta sake dubawa ba, ta kuma faɗi wadda ta ƙi danna maɓalli. Shugaba ya yi 'yan faɗace-faɗacensa ya huce. Da Razak ya dawo suka girka Wakili na biyu a wani gidan daban, don kada makulli ya sake kwana a cikin ɗaki. Sannan ta canza wa sabobin suna a cikin na'ura. Babu sauran ta ɗaya da ta biyu da ta uku, suka koma Dama, Tsakiya da Hagu. Razak ya ce sunayen ba su yi kama da na ƙwararru ba, ta ce ya bar su haka.

Ranar arba'in aka yi mata lalle, ta sa sabon leshi, ta goya 'yarta. Bisa al'ada gidan surukai ake fara zuwa. Ta ce wa Hajiya ita Changli za ta fara, Hajiya ta dube ta ta ce to me take jira, ta ƙara mata da turmin atamfa daga cikin akwatinta.

Sun sami Mma a tsakar gida tana ƙulla gyaɗa a leda, irin wadda take ajiyewa a ɗan teburinta na ƙofar gida. Samiratu ta durƙusa har ƙasa, ɗinki ko ba ɗinki, ta gaishe ta. Ta ajiye atamfa, ta ciro makullin ɗakin sabar ta ɗora a kai. Ta nemi gafarar ranar tsumma, da gafarar ranar Juma'a, ta ce in ba don Allah ya sa Mma ta ƙi jin maganarta ba, da ba ta san inda za ta sa kanta ba. Mma ta juya makullin a hannu, ta ce ta yafe tun tuni, kuma tsumman ma yanzu busasshe take amfani da shi. Aka yi dariya. Amma fuskarta ba ta sake ba, tana ta kallon ledar gyaɗa kamar mai son tambaya tana tsoron amsa. Can ta rage murya.

"Madam, matan nan na ƙauye. A can aka binne shi, ko a nan Tamale?"

Samiratu ta yi lissafi a ranta. Kwana goma sha bakwai. An yi rahoto, an yi taro, an yi wa juna barka da Turanci, ita ta ɗauka Razak ya faɗa mata, Razak ya ɗauka ita ta faɗa. Mma tana zuwa kafin kowa ya zo, tana tafiya kafin kowa ya iso. Kuma a irin aikinta, idan aka yi shiru ba a ce komai ba, an san abin da shirun yake nufi. Ashe duk kwanakin nan tana ganin gardamar da ta tsaya yi ce ta cinye lokacin, tana yi wa matar addu'ar da ake yi wa mamata bayan kowace salla.

"Tana raye, Mma. Ita da ɗanta. Sunanta Ayisha, har an sallame su sun koma gida. Ki yafe mini, ni ya kamata in faɗa miki tun ranar."

Ledar da ke hannun Mma ta suɓuce, gyaɗa ta watse a siminti, ba wanda ya motsa ya tsince. Ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ta daɗe a haka. Da ta buɗe, sai ta ce mata goma sha ɗaya ta wanke waɗanda haihuwa ta tafi da su, kuma tana riƙe da sunan kowace. Babu wankan da ya fi shi nauyi, domin sau da yawa lallen biki bai gama fita daga ƙafarsu ba.

"Na riga na sa shi na sha biyu," ta ce. "Bari in cire shi."

Ta share ido da bayan hannu, ta goge tafinta a zani, ta ce a kwanto mata yaron ta gani. Samiratu ta kwance goyo ta miƙa mata. Mma ta karɓe ta da hannun dama, ta kwantar da ita a cinya, ta ɗora tafinta a kan ɗan ƙirjin nan mai hawa da sauka, ta bar shi a wurin.